Labarin Dorugu, Yaron Damagaram Wanda Ya Je Tambutu Da Ingila

Yawancin masu karanta wannan jarida suna da Littafi Mai Tsarki na Hausa a gida, suna kuwa karanta shi safe da yamma. Amma kaɗan ne suka san sunan wani yaro Bahaushe wanda ya zauna shekaru a Ingila yana taimakon mai fassara, tun ba a san za a yi ikilisiya ko ɗaya a ƙasar Hausa ba. Sunansa Dorugu. 'Yan'uwanmu na Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa ya kamata su fi kowa sanin labarinsa, gama maƙwabcinsu ne. An haife shi wajen shekara ta 1840 a wani ƙauye da a ke kira Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Wanda ya saba cin kasuwannin Magarya da Matamaye ya san ba wata ƙasa mai nisa a ke faɗi ba. Hausarsu ɗaya da ta mutanen bakin iyaka, geronsu ɗaya, rairayin gonakinsu ma ɗaya.

A zamanin nan ƙasar ba ta da kwanciyar rai. Dambo ne Sarkin Kazaure, sarakunan Haɓe na Daura kuwa suna zaune a Zango da Ɓaure, sun jingina da Damagaram. Damagaram ita kuma tana bin Shehun Barno, tana kai masa gaisuwa, cikin gaisuwar kuwa har da bayi. Saboda haka talakan da ke zaune tsakanin manyan nan ba ya sanin daren da mahaya za su faɗo masa. Uban Dorugu manomi ne, makaɗi kuma, yaron ya tashi yana binsa gona yana koyon ganga. Yana da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu aka kama shi, aka raba shi da danginsa, aka kai shi Zinder, daga can aka gangara da shi Kukawa, babban birnin Barno, ya zama bawan wani Balarabe.

To, a lokacin nan akwai waɗansu Turawa a Barno. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su daga Tarabulus a 1850, su ga ƙasashen da ke kudu da hamada, su nemi amana da sarakuna saboda ciniki, su kuma dubi yadda za a kashe cinikin bayi. Su uku ne. Shugabansu James Richardson, wanda Larabawa suka sa wa suna Yakubu, mutum ne mai ƙin bauta ƙwarai, amma bai kai Kukawa ba, ya rasu a hanya cikin watan Maris 1851. Sauran biyun Jamusawa ne, Heinrich Barth wanda a ke kira Abdulkarim, da Adolf Overweg wanda a ke kira Tabib, wato likita. Wannan Tabib shi ne ya yi abin da mutanen Barno ba su taɓa gani ba. Sun taho da jirgin ruwa na katako tun daga bakin teku, an yanka shi gunduwa-gunduwa an ɗora wa raƙuma, suka ƙetare hamada da shi. A bakin Tafkin Chadi aka harhaɗa shi, Tabib ya shiga ya yi ta yawo cikin tsibiran Buduma.

Tabib yana bukatar yaron da zai lura masa da raƙuma, sai aka ba shi Dorugu. Daga baya ya fanshe shi da kuɗinsa, ya 'yanta shi, shi da wani saurayi mutumin Margi mai suna Abbega. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama Tabib, ya rasu a Maduwari, bakin tafki, ran 27 ga Satumba 1852, yana da shekara 30. Yaran nan biyu suka zama 'yantattu marasa uban gida, a ƙasar da yaro marar uban gida ba ya daɗewa bai koma kasuwa da igiya a wuya ba. Abdulkarim ya ɗauke su.

Kada mai karatu ya zaci Baturen nan irin Turawan da kakanninmu suka gani daga baya ne, masu 'yan alaro ɗari da dogarai da gidan sauka a kowane zango. Talaka ne a cikin tafiyarsa. Sa'ad da ya fara shiga Kano cikin Fabrairu 1851, bashin da ke kansa ya fi wuri 100,000, hajar da ya dogara da ita kuwa ta faɗi a kasuwa, ga zazzaɓi, ga masu bin bashi a ƙofa kowace safiya. A lokacin wuri 2,500 ne riyal guda na azurfa. Da ya bar Kano zuwa Barno ta Garki da Gumel ya bi, nan gabas da Babura, ba ayari, ba rakiya, sai barori kaɗan. A Bagarmi ya rasa abin kyauta sai allura, da ita ya ke sayen abinci, da ita ya ke gai da mutane, har suka yi masa laƙabi da sarkin allura. Irin uban gidan da Dorugu ya samu ke nan.

Ran 25 ga Nuwamba 1852 suka fita Kukawa suka nufi yamma. Niyyar Abdulkarim ita ce ya kai Timbuktu, wadda tsofaffinmu ke kira Tambutu, birnin da Turawa suka daɗe suna jin labarinsa, wanda kuma ya ci ran waɗansunsu. Jama'ar ba ta da yawa: babban baransa Muhammadu mutumin Gatrun, da wani dillali Balarabe mai suna Ali, da barori kaɗan, da yaran nan biyu, da dawakai da raƙuma 'yan kaɗan. Ran Kirsimati suka shiga Zinder, garin da aka bi da Dorugu yana bawa, ga shi yau ya komo ɗa. A nan Allah ya rufa musu asiri, gama kuɗi sun iso daga Tarabulus, riyal 1,000, an ɓoye su cikin akwatunan sukari don kada 'yan fashi su gane. Da ba domin wannan ba, da tafiyar ta ƙare a Zinder.

Abin lura a nan shi ne yadda matafiyi ke riƙe guzuri a zamanin da ba banki, ba takardar kuɗi. Azurfa ba ta da amfani a ƙauye, wa zai ba ka canji? Wuri kuwa nauyi gare shi, kuɗin da ba su kai riyal hamsin ba sun isa kayan raƙumi guda. A Barno ma ba wuri kaɗai a ke ciniki da shi ba, har da gabaga, wato ƙyallen saƙi. Saboda haka da suka iso Katsina cikin Fabrairu 1853, Abdulkarim ya zauna makonni yana juyar da kuɗinsa su zama haja: rigunan Kano da na Nufe, da turkuɗi, da baƙaƙen rawuna, da tabar Katsina. Ya san a ƙasashen yamma rinin Kano ya fi azurfa daraja. Riga guda takan buɗe ƙofar sarki, turkuɗi guda yakan ciyar da jama'a kwanaki. Wanda ya iya wannan lissafi shi ke isa inda za shi, wanda bai iya ba yakan ƙare a zango na goma ba ko wando. Fatakenmu masu zuwa Gwanja sun daɗe da sanin haka, a wurinsu Baturen ya koya.

Daga Katsina suka bi ta dajin Gundumi, inda ba ruwa, ga tsoron Gobirawa. Sai da suka yi tafiyar yini da kwana ba tsayawa. A ƙarshen dajin suka iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya yi sansani zai fita yaƙi. Ya karɓe su da kyau, ya ba su takardar izini. Suka zauna Wurno, suka ziyarci Sakkwato, suka wuce Gwandu wurin Sarki Halilu cikin watan Mayu. A Gwandu aka ara wa Abdulkarim wani babban littafin Larabci na tarihin Songhai, ya zauna kwanaki yana kwafar abin da ya iya. Shi yana rubutu, yaran suna ɗebo ruwa, suna neman itace da harawa, suna kiwon raƙuma. Littattafan Turawa sun cika da sunan mai rubutun, amma raƙumin da ba a kiwata ba ba ya kai mai rubutu ko'ina.

Ran 20 ga Yuni 1853 suka tsaya a bakin Kwara, daura da garin Sayi. Ku tuna yaron nan ɗan ƙasar rijiya ne, inda a ke jan guga gaba da yawa kafin a ga ruwa. Ga shi yau gaban kogi mai faɗin yadi wajen 700, yana tafiya a hankali ba ya ƙarewa. Jiragen Sayi kuwa abin kallo ne. Gungumen itace biyu a ke fafewa, a haɗa su baki da baki, a ɗinke tsakiya da igiya, tsawonsu ya kai ƙafa 40. Babban cikinsu yana ɗaukar raƙuma uku. Wanda ya taɓa ƙoƙarin sa raƙumi ya durƙusa inda bai ga dama ba, shi zai gane wahalar da yaran suka sha ran nan kafin a ƙetare da dabbobi da kaya lafiya.

Daga Sayi ba su bi kogin ba, gama a nan Kwara ta yi babban lanƙwasa zuwa arewa. Sai suka yanke ta tudu, ta ƙasar Gurma da Liptako, cikin tsakiyar damina. Kullum ruwa, kullum caɓi, rafuffuka sun cika, kaya suna jiƙewa, raƙuma suna faɗuwa ɗaya ɗaya, har aka koma ɗora wa jakuna. Suka huta a Dori, suka wuce ta gindin duwatsun Hombori masu kama da ganuwar da aka gina har sama. A hanyar nan wani Balarabe mutumin Walata ya manne musu, ya ce shi zai yi musu ja-gora. Mutum ne mai daɗin baki, ya iya harsuna da yawa, amma ya cuce su ƙwarai. In aka ba shi riga ya kai wa sarki, sai ya sayar ya sa kuɗin aljihu. Wani lokaci shi da kansa ke zuga Buzaye su tare hanya, sa'an nan ya zo ya yi sulhu a ba shi lada. Abdulkarim ya gane shi sarai, amma bai iya korarsa ba, domin mutumin yana riƙe da asirinsa.

Asirin kuwa shi ne wannan. Bayan Dori ƙasar tana ƙarƙashin Fulanin Hamdallahi na Masina, waɗanda ba su yarda Kirista ya taka ƙasarsu ba. Saboda haka Abdulkarim ya ɓoye addininsa, ya ce shi sharifi ne daga Sham, yana kai wa Shehun Tambutu littattafai. Mutane suka riƙa zuwa neman albarka, har waɗansu suka roƙe shi ya yi musu roƙon ruwa. Ba mu yaba wannan ba, ba kuwa za mu ce wa mai bi ya yi koyi da shi ba. Amma a wurare da yawa kafin nan mutumin ya bayyana shi Kirista ne a gaban sarakuna da malamai, bayan nan ma ya sake yi. Abin da ya kamata mu duba shi ne nauyin da aka ɗora wa yaro ɗan shekara goma sha uku. Kalma guda daga bakin Dorugu a bakin rijiya ta isa a yanka uban gidansa. Bai faɗe ta ba.

A ƙarshen Agusta suka iso Sarayamo, wani gari a bakin reshen kogi. Wani babban jirgi ya zo daga Tambutu da gishiri, Abdulkarim ya yi jingarsa duka a kan wuri 10,000. Aka kora dabbobi ta tudu, aka zuba kaya cikin jirgi, ran 1 ga Satumba aka tashi. Tafiyar ta kwana huɗu ce, ta cikin rassan ruwa masu karkace-karkace, waɗansu ciyawa ta rufe su har sai masu jirgi sun yi ta dungurawa da gora, inda ruwa ya buɗe kuma su koma filafili. Bayan wata tara ana haɗiyar ƙura da caɓi, wannan ya zama musu hutu. Suka fito cikin babban kogin, suka sauka Kabara, mashigin jiragen Tambutu. Ran 7 ga Satumba 1853 suka shiga birnin.

Birnin da Turawa ke zato an yi shi da zinariya, sai ga shi garin ƙasa ne cikin rairayi, bai kai Kano girma ba ko kusa. Ba a daɗe ba kuwa labari ya bazu cewa baƙon nan Kirista ne. Daga Hamdallahi aka aiko a kore shi ko a kashe shi. Wani ɗan'uwan Shehu ya yi ta tatsarsa, yau riga, gobe bindiga, har guzurin ya kusa ƙarewa. Wanda Allah ya tanada domin ceton ransu shi ne Shehu Ahmadu al-Bakka'i na kabilar Kunta, babban malamin Musulunci. Shehun nan ya san baƙonsa Kirista ne, sun sha yin muhawara a kan addini, Abdulkarim bai musulunta ba, duk da haka Shehu ya tsaya a kan baƙo amana ne. Ya rubuta wa Sarkin Masina takarda yana tsauta masa, ya tara Buzaye abokansa, ya fitar da baƙin zuwa zangonsa a bayan gari sa'ad da zaman birni ya yi zafi. Wata takwas ana wannan ja-in-ja. Mu da ke zaune tsakanin 'yan'uwanmu Musulmi, gida ɗaya, kasuwa ɗaya, ya kamata mu san sunan wannan malami.

Cikin Mayu 1854 suka sami fita. Wannan karo gaɓar kogin suka bi, Shehu da kansa yana yi musu rakiya, suna tafe tsakanin tudun rairayi a hannu ɗaya da fadamun burgu a ɗayan, suna sauka zangon Buzaye. Tafiyar ta yi nawa ƙwarai, gama Shehu mutum ne wanda ba ya gaggawa, kowane zango sai an yi kwanaki. Suka kai Gawo cikin Yuni, tsohon birnin sarakunan Songhai, suka iske ya zama ƙauyen bukkoki, sai kabarin Askiya ke tsaye. A can suka yi ban kwana da Shehu, suka ƙetare kogi, suka bi gaɓa har Sayi a ƙarshen Yuli. Sa'an nan Gwandu, da Sakkwato, da Wurno, inda atuni ya kwantar da Abdulkarim har aka fid da rai.

Ran 17 ga Oktoba 1854 suka shiga Kano a gajiye, dawakai sun rame, tufafi sun yage. Abdulkarim yana sa rai zai iske kuɗi da wasiƙu. Bai iske kome ba. Ashe labari ya riga ya kai Turai cewa ya mutu, har jaridu sun buga ta'aziyyarsa, kayan da ya bari ajiya a Zinder kuma an kwashe. Wa zai aika wa matacce kuɗi? Dole ya je wurin fataken Gadamas mazauna Kano ya ci bashi, bisa sharaɗin zai biya ninki biyu. Da wannan bashi suka tashi zuwa Barno ta Gumel. A cikin daji kusa da Bundi, ran 1 ga Disamba, sai suka yi kaciɓis da wani Bature a kan doki, Eduard Vogel, wanda aka aiko daga Ingila ya taimaki tafiyar, shi ma yana zaton Abdulkarim ya mutu. Suka sauka gindin itace, aka dafa gahawa, suka yi hira ta sa'o'i biyu, kowa ya kama hanyarsa. Shi ma Vogel ɗin ba shi da kuɗi. Daga baya aka kashe shi a Wadai.

Sauran tafiyar ba sai mun daɗe a kanta ba. Suka bar Kukawa cikin Mayu 1855, suka ƙetare hamada da bazara ta Bilma da Murzuk, hanyar da a ke kora bayi zuwa arewa, wadda ƙasusuwan yara irin Dorugu ke zube a bakin rijiyoyinta. A ƙarshen Agusta suka ga teku a Tarabulus. Jirgin ruwa ya kai su Malta da Faransa, jirgin ƙasa ya ratsa da su Faris, ran 6 ga Satumba 1855 suka sauka Landan. Abdulkarim ya tafi da su Jamus kuma, suka ga gidan ubansa a Hambug. Cikin babban littafin tafiyarsa, wanda aka buga a 1857 da 1858, akwai hoton yaran nan biyu.

To, a Ingila akwai wani mai bishara Bajamushe na mishan ta C.M.S., James Frederick Schön. A 1841 ya hau Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther cikin jiragen da aka aiko domin yaƙi da cinikin bayi, tafiyar da zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a cikinta. Tun daga lokacin ya ƙallafa ransa ga Hausa, domin ya ga ita ce harshen da zai kai Bishara nesa. Ya koya daga bakin Hausawa 'yantattun bayi a Saliyo, ya buga ɗan littafin kalmomi a 1843, amma rashin lafiya ya komar da shi Ingila, ƙafarsa kuwa ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Da ya ji ga Bahaushe a Landan, sai ya zama kamar mai ƙishi ya ga rijiya.

A nan aka sami saɓani. Abdulkarim ya yi alkawari zai mai da yaran ƙasarsu, har an shirya musu jirgi. Schön ya rinjaye su suka zauna wurinsa. Abdulkarim ya yi fushi ƙwarai, yana ganin an sa shi ya karya alkawari, mu kuwa ba za mu ce ba shi da gaskiya ba. Mutanen Allah ma in sun ƙosa da aiki mai kyau sukan taka haƙƙin wani. Duk da haka abin da ya fito daga zaman nan babba ne. Dorugu ya zauna gidan Schön kusa da Chatham, ya koyi karatu da rubutu da Turanci. Kowace rana suna zaune, dattijo yana tambaya, yaro yana amsawa: yaya a ke faɗin kaza, me a ke kiran kaza, in an ce kaza Bahaushe zai gane? A 1857 aka buga Bishara ta hannun Matiyu da Hausa, sa'an nan Farawa da Luka a 1858, Fitowa kuma a 1859. A 1857 ɗin nan aka yi wa samarin biyu baftisma. Dorugu ya karɓi suna James Henry, wato sunan Schön da na Abdulkarim a haɗe, iyayen gidansa biyu da ba su jituwa.

Ba fassara kaɗai suka yi ba. Schön ya sa shi ya faɗi labarin ransa tun daga Dambanas, da tatsuniyoyin da ya ji yana ƙarami, yana faɗi ana rubutawa. An buga su a 1885 cikin littafin da a ke kira Magana Hausa, a 1971 kuma aka fitar da labarin da Turanci a Amurka. Wannan yana cikin labaran farko da Bahaushe ya bayar na ransa da aka buga da boko. Abin daɗi a ciki shi ne yadda ya juya kallo. Turawa sun saba zuwa su rubuta al'adunmu kamar abin mamaki, sai ga yaron Damagaram ya zauna teburinsu yana lura da yadda su ke cin abinci, da yawan cokula da wuƙaƙe, da yadda a ke jera maza da mata, da irin tufafin matansu, yana ba da labari kamar yadda mutum zai ba 'yan'uwansa a dandali in ya komo daga baƙuwar ƙasa.

Gaskiya ne Hausar littattafan nan na fari tana da wuyar karatu a yau. Ba a rarrabe ƙ da k ba, ko ɗ da d, jimlolin kuma sau da yawa sun bi Turanci. Hausar yaro ce wanda aka raba da gida tun bai gama koyon maganar manya ba, ta bi ta kunnen Bajamushe. Amma a kanta Schön ya gina nahawunsa na 1862, da ƙamus na 1876, da Sabon Alkawari na 1880. Masu bishara da suka zo daga baya da waɗannan suka fara koyo, har Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka kammala dukan Littafi Mai Tsarki, aka buga a 1932.

Abbega ya riga shi komowa, a 1857. Daga baya ya koma Musulunci, ya kuwa yi sarautar Lakwaja. Dorugu ya zauna Ingila har 1864, sa'an nan ya komo ta teku da Kwara, ba ta hamada ba. Ya yi shekaru da yawa yana aikin tafinta ga Turawa iri iri, matafiya da ma'aikatan gwamnati, yana hawa da sauka a kogin da ya fara gani a Sayi. Bai zama babban mutum ba, bai yi sarauta ba, ba a kuwa naɗa shi fasto ba.

Da tsufa ya zo masa, sai ya sami wurin zama a Kano. A 1909 Hanns Vischer, wanda kowa ya sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa. Shi Ɗan Hausa da fari mai bishara ne na C.M.S. kafin ya shiga aikin gwamnati, a 1906 kuma ya ƙetare hamada daga Tarabulus zuwa Barno, ta hanyar nan da Dorugu ya bi yana yaro shekara 51 kafinsa. Ya ɗauki tsohon cikin malamansa, yana koya wa malamai da 'ya'yan sarakuna karatu da rubutun boko. A nan Nasarawa ya rasu a 1912, yana da shekara 70 da 'yan kai.

Matar Ɗan Hausa ta rubuta labarin rasuwarsa. Da aka buɗe kayansa, sai aka iske tarin tabarau, da tufafin Turawan da ya yi wa aiki, da gwangwanaye na abinci, da kuɗi na zinariya da azurfa, duka a adane. Mutumin da ya je Tambutu ya komo ba shi da kome sai rigar wuyansa, bai taɓa iya jefar da abu ba har ya mutu.